Dogo a Bayan Zaure

A unguwar Gobarau ta birnin Katsina, taku kaɗan daga tsohuwar hasumiya, akwai wani gida da yara ke taruwa a ƙofarsa duk ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da makarantun allo ke hutu. Abin da ke kawo su yana cikin wani ɗaki a bayan zaure. Tebur ne mai tsawon mita 4 da faɗin mita ɗaya da rabi, an shimfiɗa masa layin dogo wanda faɗinsa bai kai na babban yatsa ba. A kansa akwai tasha mai rufin kwano, da sito, da gada bisa busasshen rafi, da taragu shida da wani baƙin kan jirgi ke ja. Mai gidan dattijo ne da ya haura shekara 70. Ya yi aikin reluwe fiye da shekara 30 kafin ya yi ritaya ya dawo gidan gado. In ban da ƙarfen dogon da ɗan injin da ke juya ƙafafun jirgin, shi ya ƙera komai da hannunsa.

A Ingila ko Jamus ko Amurka, irin wannan aiki ba abin a tsaya kallo ba ne. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu tafiya a kan dogo mai daidaitaccen awo tun 1891. A Landan an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1910, kuma a birnin Hambog akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda tsawon ƙaramin dogon ya haura kilomita 15. Masu yin sa a can suna kwaikwayon jirgin da suka tashi suna jin kukansa ta taga. Dattijon Gobarau kuwa yana gina nasa ne a birnin da jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba tsawon ƙarni na 20, kuma mafi yawan yaran da ke leƙen teburinsa ba su taɓa ganin tarago ido da ido ba. Wannan ya ɗora masa nauyin da takwarorinsa na Turai ba su da shi, domin duk abin da ya aza a kan teburin nan, shi yaran za su ɗauka a matsayin yadda abin ya kasance.

Yadda dogo ya kauce wa Katsina

Kafin zuwan Turawa, Katsina zango ce ta ayarin raƙuma masu ratsa Sahara, kuma a ƙarni na 18 tana cikin manyan biranen ciniki da ilimi na ƙasar Hausa. Da Turawan Ingila suka zo shimfiɗa dogo, lissafinsu ya fuskanci teku. An fara layin Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa, Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne tun asali, ya sa aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, da ƙarfin leburorin da aka ɗora wa sarakuna alhakin tarawa. Aikin nan na diga ya daɗe a bakin tsofaffi. Dogo ya isa Kano a 1911. Turawa sun yi tsammanin auduga zai riƙa kwasowa masaƙun Lankasha, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano.

Daga baya an yi rassa. Wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Wani ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, aka kuma kai dogo Maiduguri a 1964. A ƙasar Katsina, Funtuwa ce ta samu tasha, saboda audugarta da injin gurzar da aka kafa mata. Babban birnin kuwa ya zauna da jakuna da raƙuma, daga baya da manyan motoci masu kai kaya Kano. Tsakanin Funtuwa da Katsina akwai wajen kilomita 200, kuma ba a taɓa aza ƙarfe ko ɗaya a wannan tazara ba.

Shi ya sa Bakatsinen da ke son aikin jirgi sai ya bar gida. Dattijon ya tafi Zariya yana saurayi, a ƙarshen zamanin jirage masu cin kwal. Ya fara da share kan jirgi da zuba masa mai, ya zama mai zuba kwal, ya koyi tuƙi bayan jiragen dizal sun karɓe aiki. Mafi yawan shekarunsa ya yi su ne a kan reshen Ƙauran Namoda. Ya san inda dogo ke santsi da damina, ya san kwanar da ake rage gudu saboda shanu, ya san tashar da ake sayar da fura mai kyau. Duk lokacin da ya zo hutu gida, 'yan'uwa su kan tambaye shi labarin jirgi kamar wanda ya dawo daga wata ƙasa.

Abin da rula ta nuna

Farkon abin tsaraba ce. Ɗiyarsa da ta je ƙaro karatu Jamus ta kawo masa akwati mai ɗauke da farin jirgin fasinja irin na zamani, da dogo mai zagaye, da na'urar rage gudu da ƙarawa. Ta yi nufin ya riƙa ɗebe kewa. Ya yi godiya, ya haɗa shi a tsakar gida, jikoki suka yi ta sowa. Da suka watse sai ya ɗauko rula.

Tsakanin ƙarfen dama da na hagu milimita 16.5 ne. A jikin akwatin an rubuta HO, da lamba 1:87, ma'ana kowane abu an ƙanƙanta shi sau 87. Ya buga lissafi a bayan ambulan. Milimita 16.5 sau 87 ya ba shi kusan milimita 1,435, wato faɗin dogon Turai. Dogon da ya yi rayuwarsa a kai kuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Turawa sun zaɓi wannan siririn awo a Nijeriya, kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu da Sudan da Gana, domin ya fi arha wajen gini kuma yana iya shan kwana mai tsanani. Abin da ke gabansa a tsakar gida, ashe, hoton wani dogo ne dabam: irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma irin wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 domin ya tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi, tsawon kilomita 284, kwangilar da aka bai wa kamfanin Mota-Engil kan kuɗi kusan dala biliyan 2.

Wanda bai yi aikin ba zai ce mene ne a ciki. Ga direba kuwa faɗin dogo shi ne tushen komai. Shi ke yanke faɗin tarago, da tsayin kan jirgi, da yadda jirgi ke rangaji in ya shiga kwana. Kan jirgin Nijeriya na da yana da jiki mai faɗi a bisa ƙafafu matsattsu, kamar ƙaton mutum a kan ƙaramin jaki, kuma wannan siffa ce ke zaune a idonsa.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya riƙe ma'aunin 1:87 ya nemo dogo mai faɗin milimita 12, wanda ba a samunsa a Kano balle Katsina, ko kuma ya riƙe dogon da ke hannunsa ya canza ma'aunin. In aka raba 1,067 da 64, ana samun milimita 16.7, bambancin da ido ba ya kamawa. Masu wannan sha'awa a ƙasar Niyu Zilan, waɗanda dogonsu awo ɗaya ne da tsohon namu, sun daɗe suna bin wannan dabara. Ya zaɓi 1:64. Da wannan zaɓi ƙarfen da aka ƙera a Jamus ya koma dogon Funtuwa, ba tare da an taɓa shi ba. Sai dai abin ya zo da tsada: babu wani tarago ko gini na kanti da zai dace da shi. Farin jirgin ɗiyarsa ya koma cikin akwati, komai kuma sai an ƙera shi daga tushe.

Gara, ƙura da zafi

Ya fara da tebur. Kafinta ya haɗa masa shi kashi uku, yadda za a iya fitar da shi ta ƙofa in bukata ta taso. Tun a watan farko gara ta hau ƙafafun, sai ya tsoma kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai. Ya kuma gane cewa hannun mutum ba ya kaiwa fiye da santimita 70 a kan tebur ba tare da ya ture wani abu ba, don haka ya yanke rami a tsakiya, ya yi masa murfi mai kama da gona. In tarago ya goce a can baya, jikansa ne ke rarrafawa ta ƙarƙashi ya ɓullo ta cikin gonar.

Ƙasar da ya shimfiɗa ta gaske ce. Ya sa aka ɗebo masa jar marmara daga bayan gari, ya daka, ya tace da rariyar gari, abin da ya jawo masa faɗan Hajiya na kwana biyu. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo ya samo ta daga yashin rafi, ya ware mai girman ƙwayar gero, ya jera ta da gashin kaza, ya ɗiga mata gam da aka sirka da ruwa. Tudu da kwari na kwali ne da tsohuwar jarida. Itatuwan kuka ya murɗa su da wayar lantarki, ya shafe da laka. Taragun kaya na sillen kara ne da gwangwanin madara, kuma a nan hannunsa ya tuna abin da ya sani tun yana yaro, lokacin da kowane yaron unguwa ke ƙera motar kara da ta langalanga. Bambancin kawai shi ne yanzu akwai rula. Ƙofa mai tsayin mita 2 dole ta zama santimita 3, buhun gyaɗa kuma santimita ɗaya da rabi. Ya ɗinka buhuna sama da ɗari da tsohon ƙyalle, ya cika su da yashi.

Kan jirgin ya fi komai cin lokaci. Ya samo ƙafafu da inji daga wani karyayyen jirgin wasa da aka tsinto masa a kayan gwanjo a Kano, ya gina masa sabon jiki da gwangwani da darma. Babu zane a hannunsa, sai wani tsohon hoto da abin da ke cikin kansa. Sau uku yana rushewa yana sakewa, domin tukunyar ta kan fito siririya, irin ta Turai.

Ƙaramin jirgi yana shan wutarsa ne daga dogon kansa: ƙarfe ɗaya ke kawo ta, ɗaya ke mayar da ita, ƙafafun jirgi su ɗauka su miƙa wa inji. Bolt 12 yake bukata, daidai da batirin da farantin sola na gidan ke caji, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da shi. Abin da ke tsayar da shi ƙura ce. Da hunturu, dare ɗaya ya isa ta kwanta a kan ƙarfe ta raba shi da ƙafafun, jirgi ya riƙa tafiya yana shiɗewa. Kullum da safe sai ya bi dogon da tsumma, kamar yadda ma'aikatan layi ke bin nasu da ƙafa a da, sannan ya rufe teburin da tsohon zanen gado.

Bazara ta zo da nata darasin. A watan Afrilu, da ɗakin ya ɗauki zafi, dogon ya miƙe ya lanƙwashe a wuri biyu, taragu suka zube. Ya zauna yana yi wa kansa dariya, domin abin da ya sani ne tun yana ɗan koyo: ƙarfe yana ƙara tsawo da zafi, shi ya sa ake barin 'yar tazara a kowace mahaɗa, tazarar da ke ba tsohon jirgi sautinsa na ƙaƙas-ƙaƙas. Ya warware, ya bar kaurin kati a tsakanin kowane ƙarfe biyu. Haka kuma ya hana hawan tudu ya wuce santimita 2 a kowace mita, domin ƙaramin kan jirgi ma yana kasa jan kaya in hawa ya yi tsanani.

Har gudu yana da ma'auni. Jirgin kaya mai tafiyar kilomita 40 a awa, in an ƙanƙanta shi sau 64, santimita 17 zai ci a daƙiƙa ɗaya. Yara ba sa son wannan. Su kan ce, "Kaka, ƙara mashi wuta!" Shi kuwa ya kan ce wanda ke son gudu ya je bakin titi ya kalli 'yan acaɓa. Duk yaron da zai riƙe na'urar sai ya iya tsayar da jirgi daidai bakin tasha ba tare da buhu ko ɗaya ya faɗo ba.

Tashar da babu kowa

Ba kowa ne ya ga kyan abin ba. A unguwa irin Gobarau, inda ake auna dattijo da zamansa a sahun gaba da halartar ɗaurin aure da jana'iza, mutum mai furfura ya shige ɗaki yana liƙa kara abin magana ne. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. A cikin gida ma akwai lissafi: ɗakin nan shi aka yi niyyar gyara wa autansa in ya tashi aure, kuma kuɗin gam da darma daga fansho suke fita. Hajiya ta faɗa masa sau ɗaya, ba ta maimaita ba: "Alhaji, yaron nan fa ya fara kai gaisuwa gidan su yarinyar." Ya ce ya ji. Daga ranar ya san teburin yana da wa'adi, ya kuma gode wa Allah da ya sa aka yi shi kashi uku.

Sai batun mutane. A Turai ana sayar da 'yan ƙananan mutum-mutumi da ake jerawa a tasha, har da karnukansu. Ya san maganar malamai kan sassaƙa siffar abu mai rai, ya san kuma rangwamen da ake yi wa 'yar tsanar yara, amma bai ga dalilin da zai sa ya shigar da kansa cikin saɓani a kan abin da ba dole ba. Ya bar tashar babu kowa. Da ya ja baya ya dube ta, sai gabansa ya faɗi, domin ta fito sak yadda ya ga wasu tashoshin a shekarunsa na ƙarshe a aiki, bayan jirage sun ragu, ciyawa ta rufe layi, awaki sun gaje ɗakin jira. Ba wannan ya so ya nuna wa yara ba.

Maganin ya zo masa a ƙofar masallaci, inda ya ga takalma jere alhali masu su suna ciki. Ya koma ya gina ɗan masallaci a gefen tasha, ya yanka takalma daga fatar tsohon jaka, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya jera su a ƙofa. Ya ajiye butoci, da tiren mai talla a kan benci, da keke jingine da bango, da kura ɗauke da buhuna an bar ta a tsakiyar hanya. Yanzu duk wanda ya duba ya san lokacin azahar ne, jama'a suna sahu, jirgi yana jiran su.

Gardamar hasumiya

Abu na ƙarshe da ya gina shi ne Gobarau kanta. Hasumiyar, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tana da tsayin kusan mita 15, an gina ta da tubali da laka, tana hawa-hawa tana tsukewa zuwa sama. A ma'auninsa ta zama santimita 23. Ya yi ta da laka ta gaske, ya murza 'yan tubala da yatsa, ya yi mata matakala. Mako shida ya yi a kanta. Da ta bushe ya ɗauke ta ya dasa a bayan tashar, inda inuwarta ke faɗawa kan dogo. Wannan shi ne hoton da ya yi shekara 30 yana gani a zuci: ya shigo da jirgi garinsu, ya ja ƙaho, a ji shi har Ƙofar Soro.

Amininsa, tsohon malamin tarihi a makarantar sakandare, ya zo gani. Ya yaba gadar, ya yaba takalman. Da ya iso kan hasumiyar sai ya yi shiru.

"Mutumina, wannan tashar ta ina ce?"

"Ta Funtuwa."

"To mi ya kawo Gobarau Funtuwa?"

Dattijon ya ce ai kowane mai irin wannan aiki yana taƙaita nisa. Kilomita 200 a ma'auninsa ta haura kilomita 3, ɗakinsa kuwa mita 4 ne. Ba a nuna komai, zaɓe ake yi. Malamin ya yarda da haka, amma ya ce taƙaita tafiyar da aka yi dabam take da ƙirƙiro wadda ba a yi ba. Ya tuna masa cewa shi ne mutumin da ya ƙi yarda da bambancin milimita 4 a faɗin dogo, ya jefa kansa cikin wahalar shekara biyu saboda ita, ga shi yanzu ya haɗiye kilomita 200 ko ruwa bai sha ba. Ya ce yaran nan ba su da wani hoto sai wannan. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai tsaya a gaban jama'a ya rantse cewa jirgin gyaɗa yana tsayawa a gindin Gobarau a zamanin kakansa, kuma ba zai taɓa tambayar dalilin da ya sa aka tsallake garinsu ba, tunda a saninsa ba a tsallake shi ba.

Sun rabu ranar ba daɗi. Dattijon ya yi kwanaki bai buɗe zanen gadon ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar gaskiya ce, kuma ta taɓa ainihin abin da ya sa ya fara aikin. Ma'auni alkawari ne da mai gini ke ɗauka cewa ba zai fifita wani abu a kan wani ba, zai ƙanƙanta abin da yake so da wanda ba ya so daidai wa daida. Ya cika alkawarin a kan ƙofofi da buhuna, ya saɓa shi a wurin da zuciyarsa ke da buri.

Wata jikarsa 'yar aji biyar, wadda yake tsokana da amaryarsa, ita ta buɗe masa hanya ba da niyya ba. Ta ciro farin jirgin daga akwati ta aza a kan dogon, ya kuwa tafi sumul, tunda faɗin ƙarfen ɗaya ne. Sai ta ce, "Kaka, wannan ƙarami ne, kamar yana can nesa." Ya dube shi. Jirgin 1:87 a gefen ginin 1:64 lallai kamar abin da ake hangowa yake. Masu wannan aiki sun san dabarar: a kan sa abubuwa masu ƙaramin ma'auni a can baya domin ido ya ga nisa a wurin da babu shi.

Ya cire hasumiyar daga bayan tasha, ya ba amininsa ita kyauta, tana kan kabad ɗinsa har yau. Ya sake gina wata a ma'aunin 1:87, mai santimita 17, ya kai ta ƙarshen teburin ta jikin bango, a bisa ɗan tudu, da guntun ganuwa da rufin soraye kewaye da ita. Daga gefen gabas ya ɗaga sabuwar hanya miƙaƙƙiya, ya shimfiɗa mata ragowar dogon, ya aza farin jirgin ɗiyarsa a kai yana fuskantar gari. Tsakanin wannan layi da tsohon da ke zagaye a gaba ya bar fili na jar ƙasa, faɗin tafin hannu biyu, babu ƙarfe, sai siririyar hanyar mota da wata tsohuwar roka ɗauke da buhuna. Ƙarfe iri ɗaya ne a gaba da baya, amma na gaba dogon 1929 ne, na baya kuma wanda aka aza harsashinsa a 2021.

Bai haɗa wa layin baya wuta ba. Wayoyin suna nan a naɗe ƙarƙashin tebur, an kankare bakinsu. Ya ce ranar da ya ji kukan jirgin gaske daga ɗakinsa zai ɗaura su, in kuma ba ya nan, jikar ta san wace waya ke zuwa ina.

Yanzu in sabon yaro ya shigo ranar Alhamis, tambayar farko da ya kan yi ita ce me ya sa baƙin jirgin ba ya zuwa wurin hasumiya. Dattijon ya kan gyara zama ya fara daga Baro, ya biyo ta Kano da Zariya, ya zo Funtuwa, ya aza yatsa a kan filin jar ƙasar. Malamin tarihin, wanda ya koma zuwa duk mako, ya kan karɓa daga nan.

An sa ranar auren autan bayan babbar salla. Kafinta ya riga ya zo ya auna zaure, ya ce kashi biyu za su shiga in an kawar da benci, na ukun kuwa sai dai a jingine shi. Dattijon bai yanke wanda za a jingine ba tukuna. A yammacin da aka yi awon, bayan yara sun watse, ya tsayar da baƙin jirgin daidai bakin tasha, ya kashe na'ura, ya bi dogon gaba da tsumma, ya miƙa hannu iya ƙarfinsa ya share na baya ma. Ana kiran magariba ya ja zanen gado ya rufe, ya ɗauki butarsa.